Awon Wuyana: Yadda Na Koyi Lallaɓa Kumburin Bayan Gashi

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina zagaya tef a wuyan mutane a shagona da ke Fagge, a Kano. Na auna na ango, na auna na yaron da za a ɗinka wa kayan salla, na auna na dattijon da ya rame har rigarsa ta koma kamar ta aro. Nawa kuwa ban taɓa damuwa da shi ba, don tun da na yi aure inci 15 da rabi ne, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Sai wata asuba, kimanin wata uku bayan na gama gashin ciwon daji da na'ura a asibiti, na sa kaftani zan tafi masallaci, maɓallin wuya ya ƙi shiga. Na ja, na sake ja. Da na dawo daga salla na ɗauko tef na tsaya gaban madubi. Inci 17 da kwata. Alhali a lokacin duk jikina a rame yake, wandunana ma sai da na rage musu ƙugu.

Asalin abin wani ɗan gyambo ne a gefen harshena na hagu, wanda na daɗe ina cewa haƙori ne ke gurza shi. Da ya ƙi warkewa aka yanki tsoka aka kai awo, sakamako ya nuna ciwon daji ne. Aka yi mini tiyata, aka cire wani yanki na harshen, aka kuma tsaga wuyana daga bayan kunne zuwa ƙasa aka kwashe kaluluwar ɓangaren hagu. Bayan ɗinki ya kame aka tura ni wani gari don gashi da na'ura. Sau 30 na kwanta a ƙarƙashinta, kwana biyar a mako, mako shida, da wata roba mai raga da aka yi daidai fuskata ana ɗaure ta a jikin gadon don kada in motsa. Ranar da aka sallame ni an yi mini bayanin bushewar baki, da kula da haƙora, da ɗanɗanon abinci da zai ɗauke. Kumburi kuwa ko da wasa babu wanda ya ambata. Ba na riƙe kowa a zuci, na ga yawan mutanen da ke kan layi da ƙarancin masu duba su. Amma da an faɗa mini ko da jimla biyu ce, da an rage mini kwanakin da na yi ina kwana ido biyu.

Kumburin a ƙarƙashin haɓa ya fi taruwa, ya yi kamar 'yar jaka, da laushi, idan na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ɗan jima kafin ya ciko. Da asuba kuncina na hagu yakan yi nauyi, fatar idon ta kumbura, muryata ta yi kauri, haɗiyar koko ma sai na yi da dabara. Zuwa azahar sai ya sassauta. Zuwa magariba har in ce ai ya tafi. Gari na wayewa sai in tarar da shi yana nan. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: ciwon ya dawo. Na yi kwana goma ban faɗa wa kowa ba, ina naɗa hirami a wuya ina cewa sanyi nake ji. Uwargida ce ta tare ni wani dare ta ce, "Malam, ni fa na gani tun ranar farko. Shirun da kake yi ya fi kumburin tayar mini da hankali."

Da magana ta fita, sai shawarwari suka yi ta zuwa, kuma duk daga masu ƙaunata. Wani ya ce hangum ne, wani ya ce maƙoƙo, wata gwaggona ta ce a binciki ƙoda. Wani mai kemis ya ba ni ƙwayar sa fitsari, na sha kwana huɗu, na yi ta zarya bayan gida, bakina da dama a bushe yake ya ƙara bushewa, haɓa kuwa tana nan yadda take. Na gasa wurin da tawul da ruwan zafi, na bi shi da man zafi. Washegari ya fi kullum girma. Yayana kuma har wanzami ya kawo gida don a yi mini ƙaho a zuƙe "mataccen jini". Uwargida ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wuyan da aka yanka aka gasa ba za a sa masa aska ba sai likitansa ya gani." Ransa ya ɗan ɓaci a ranar. Daga baya na gane irin haɗarin da ta kawar mini.

Likitan da ya yi mini aikin bai yi gaggawar kwantar mini da hankali ba, kuma na gode masa da hakan. Ya lalube wuyan gaba da baya, ya zura wata siririyar kyamara ta hancina ya duba maƙogwaro, ya tura ni hoto, ya kuma sa a gwada jinina don a ga ko gashin ya taɓa ƙullin nan na gaban wuya da suke kira tayirod, domin idan ya yi rauni shi ma yana kumbura fuska. Sai da sakamako ya haɗu sannan ya ce, "Alhaji, ba ciwon ba ne. Ruwa ne ya rasa hanya." Ya ce sunansa limfidima. Na fito na zauna a kan benci na yi ta hamdala, hawaye na zuba, ban damu da masu wucewa ba. Wannan matakin nake roƙon kowa kada ya tsallake: duk sabon kumburi a wuyan wanda ya yi ciwon daji, likita ne zai fara cewa ga abin da yake, kafin a sa masa hannu.

Ya haɗa ni da wata ma'aikaciyar sashen fisiyo, waɗanda muke ce wa masu gashin ƙashi, wadda ta yi horo a kan irin wannan kumburi. Ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ita ce ta zaunar da ni ta warware mini abin dalla-dalla. Ta ce ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jiki da ke kwashe ruwan da ya tsiyayo cikin tsoka, su bi da shi ta kaluluwa a tace, sannan su zuba shi cikin jini a gindin wuya, bayan ƙashin nan da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa. Kaluluwar da muka sani tana fitowa a hammata ko matsematsi idan mutum ya ji ciwo a hannu ko ƙafa, ita ce matatar. A kai da wuya kaɗai akwai kimanin 300. Tiyata ta cire wasu daga cikin nawa, gashi ya ƙona hanyoyin da suka rage suka ƙanƙance. Ruwa na zuwa, magudana ta toshe. Ta ce, "Baba, ka san tundurmi? Danginsa ne. Can tsutsa ce da sauro ke sawa take toshe hanyar, nan kuma wuƙa da na'ura ne."

Ta bayyana mini dalilin da ya sa yake cika da safe: a kwance kai da ƙirji suna daidai, ruwan ba shi da gangare, amma da na miƙe sai ya fara sauka da kansa. Ta kuma faɗi abin da ya sa ƙwayar fitsari ba ta yi amfani ba. Ruwan yana ɗauke da furotin. Ƙwayar tana janye ruwa ta bar furotin ɗin a wurin, shi kuma idan ya daɗe a kwance sai ya sa naman ya yi tauri kamar ƙirgi. Taurin nan shi ake gudu, don shi ke ƙage wuya da muƙamuƙi ya wahalar da haɗiya. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin jini ya ƙaro ruwa, ga shi fatar wurin ba ta ji sosai tun bayan aiki, ina iya ƙonewa ban sani ba.

Na tambaye ta ko ni kaɗai ne abin ya samu. Ta girgiza kai. Ta ce wani bincike da aka fitar a 2012 daga Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya samu irin wannan kumburi a wajen mutum uku cikin huɗu na waɗanda aka yi wa maganin ciwon dajin kai da wuya, wasu a waje inda ido ke gani, wasu a cikin maƙogwaro, wasu duka biyun. Na ce to yana warkewa? Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce kaluluwar da aka cire ba ta dawowa, amma ana koya wa ruwan bin wata hanya, kuma a babban asibitin ciwon daji na MD Anderson da ke Amurka sun ba da rahoto a 2015 cewa kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka bibiya sun samu sauƙi da wannan magani. Maganin kuwa ƙafa huɗu gare shi: tausa ta musamman, ɗauri, motsa jiki, da kula da fata.

Da na ji tausa, na zaci irin wadda ake yi wa mai ciwon baya ce. Sai ta ɗora tafin yatsunta a gindin wuyana ta ɗan ja fatar, ta saki, ta ja, ta saki, a hankali kamar mai shafa kan jariri. A raina na ce wannan ba zai motsa komai ba. Da ta ce in gwada, na danna da ƙarfin hannun wanda ya saba da almakashi da dutsen guga. Ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, sassauta. Hanyoyin nan dab da fata suke. In ka danna ka matse su, ruwa ba zai shiga ba. Idan fatar ta yi ja, ka yi ƙarfi da yawa." Na yi mako guda ina fama kafin hannuna ya gane. Abin da ya taimake ni shi ne tuna yadda nake tura yadi mai santsi a ƙarƙashin allurar keke: ba a danna shi, ba a fizge shi, ɗan riƙo ne kawai da zai sa ya tafi ba tare da ya tattare ba. Yatsu ba sa zamewa a kan fata, fatar ce ke tafiya tare da su iyakar inda za ta miƙe, sannan a saki ta koma da kanta. Saboda haka ba a shafa mai kafin a fara. 'Yata ta duba a waya ta ce mini wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Emil Vodder da matarsa Estrid ne suka ƙirƙiro wannan tausa a Faransa a shekarun 1930. Na yi mamakin cewa abu ya kusa shekara ɗari a duniya amma ni ban taɓa jin labarinsa ba sai da ya zama dole.

Abu na biyu da ya ɗaure mini kai shi ne ba daga kumburin ake farawa ba. Daga nesa ake farawa. Duk wanda ya taɓa yashe kwata a unguwa ya san ba a fara turo ruwa daga ƙofar gida alhali bakin babban lambatu a cushe yake. Ga yadda nawa tsarin yake, kamar yadda ta tsara mini shi.

Ina zama a kujera, baya a miƙe, riga a cire, hannu a wanke. In ɗora tafi a ciki in shaƙi iska ta hanci har cikin ya taso, in fitar ta baki a hankali, sau biyar. Ta ce babbar hanyar ruwan daga ciki take tasowa ta ratsa ƙirji, kuma numfashi mai zurfi yana tura abin da ke cikinta. Daga nan sai kwarmin da ke saman ƙashin gindin wuya, dama da hagu, in ja fatar ƙasa in saki, sau goma. Sai hammata biyu, in sa tafi in ɗan tura sama in saki, domin kaluluwar hammata lafiyarta ƙalau, kuma can za a kai ruwan. Sai in share hanya daga saman ƙirji zuwa hammata. Sannan ƙeya: daga gindin kai in bi da fatar ƙasa zuwa kafaɗa. Sai bayan haka nake zuwa gefen wuya, ta bayan tabon, domin ruwa ba ya tsallake tabo da sauƙi, zagaye shi ake yi. Sai kunne, yatsu biyu gaba biyu baya kamar bakin almakashi, in ja ƙasa da baya. A nan ne kawai nake isa haɓa, in riƙa tura fatar daga tsakiya, in bi ƙashin muƙamuƙi zuwa kunne. Sai kunci daga gefen hanci zuwa kunne, sai ƙasan ido da yatsa ɗaya. Idan na gama sai in sake bin hanyar da baya, daga kunne zuwa ƙeya, zuwa kafaɗa, zuwa hammata, in rufe da numfashi. Minti ashirin yake ci idan ban yi gaggawa ba, kuma gaggawa ɓata shi take yi.

Na rubuta wannan ne don a ga kamannin aikin, ba don a kwafa ba. Hanyar kowa ta dogara da inda aka yanka shi da inda aka gasa. Wanda aka yi wa ɓangare biyu, ko mai bututun numfashi a wuya, tsarinsa daban ne. Ta gargaɗe ni kada in danna gefen maƙogwaro inda jijiya ke bugawa, don yana iya jawo jiri har mutum ya faɗi. Kafin ta fara ma sai da ta tambaye ni ko ina da ciwon zuciya, ko gudan jini ya taɓa toshe mini jijiya, ko na taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, domin akwai waɗanda tausar ba ta dace da su ba sai da izinin likita.

Motsa jikin kuwa ina yin sa ne nan take bayan tausa. Dalilinsa shi ne jini yana da zuciya mai harba shi, wannan ruwan ba shi da ita, motsin tsoka ne ke tatsar hanyoyinsa. In juya kai dama a hankali har inda na ji ja ba zafi ba, in tsaya in ƙirga biyar, in dawo, in juya hagu. In kwantar da kunne wajen kafaɗa ba tare da ɗaga kafaɗar ba. In ja haɓa baya kamar kunkuru na mai da kai. In ɗaga kai in dubi rufi baki a rufe, wanda shi ne ya fi ja mini tabon. Sai kafaɗu: ɗagawa, juyawa baya, matse allunan kafaɗa su kusanci juna. Kafaɗata ta hagu ta yi rauni bayan aikin saboda jijiyar da ke ɗaga ta ta wuya take bi, don haka ina tsayawa gaban bango in riƙa hawa da yatsu sama kamar gizo-gizo, in yi alama da alli inda na kai.

Na fuska kuma a gaban madubi nake yi. Wasulan nan biyar da yara ke rerawa a aji ɗaya, a, e, i, o, u, ina furta su baki a buɗe iyakar buɗewa. In cika kumatu da iska in mai da ita dama in mai da ita hagu. In tsuke leɓe, in yi murmushi mai faɗi, in ɗaga gira, in runtse ido. In fito da abin da ya rage na harshena in kai shi kowane gefe. Muƙamuƙi ne ya fi ba ni tsoro. Ta ce in jera yatsu uku a tsaye in sa tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Biyu ne suka shiga, da ƙyar. Ta ce buɗin bakin da bai wuce milimita 35 ba ana ɗaukarsa a matsayin ƙagewa, kuma idan aka bar shi ƙara rufewa yake yi har loma ta gagara. Ta ba ni 'yan katakan nan da likita ke danne harshe da su, ina jera su ina cizawa a hankali, ina ƙara ɗaya idan waɗancan sun daina ja. Wata huɗu na yi kafin yatsa na uku ya shiga.

Na ɗaura komai a kan lokutan salla, don abin da ba shi da lokaci mantuwa ke cinye shi. Cikakke bayan asuba, lokacin da kumburin ya fi yawa. Motsin wuya da kafaɗa bayan la'asar a shago. Tausa kuma kafin kwanciya. Gadon ma sai da muka gyara. Da farko na tara filo uku, sai wuyana ya lanƙwashe, haɓa ta dafe ƙirji, na tashi ya fi muni. Abin da ake so shi ne daga ƙugu zuwa kai a yi gangare ɗaya. Na sa aka yanko mini soson katifa mai tudu, na ɗinka masa riga.

Ɗauri ne inda sana'ata ta yi mini rana. Ta nuna mini hoton wanda ake sayowa daga waje, mai tallafe haɓa ya zagaya ta saman kai, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina bayan abin da jinya ta ci. Na ce ta bar ni in gwada. Na samo yadi mai talewa, mai laushi, na yanka, na sa masa abin mannewa irin na takalmin yara, na juya ɗinkin waje don kada ya gurji fata. Sau uku tana mayar da ni. Na farko ya matse maƙogwaro, na biyu ya naɗe ya zama kamar igiya a bayan kunne. Na uku ta zura yatsu a ƙarƙashinsa, ta sa na haɗiyi ruwa, na yi magana, na juya kai, sannan ta ce ya yi. Inda haɓar ta fara tauri ta sa na ɗinka 'yar jaka na cika da gutsattsarin soso, a sa a ƙarƙashin ɗaurin don ya riƙa sassauta wurin. Ina sa shi awa uku zuwa huɗu da yamma a gida, ina yin motsin fuska da shi, kuma ta hana ni kwana da shi sai ta ga yadda fatar ta karɓa. Idan ya kawo ciwon kai, ko ido ya ƙara kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, cirewa ake yi nan take.

A shago kuma na gano cewa sunkuyon da nake yi a kan keke awa da awanni yana mayar da hannun agogo baya. Na ɗaga teburin da bulo, na sa fitila mai haske kusa da allura, na ce wa babban yarona duk bayan rabin awa ya tuna mini. Yakan ce, "Maigida, lokaci ya yi," in miƙe in juya kafaɗu in kurɓi ruwa. Na bar sa kwala mai gam, na koma wuya buɗaɗɗe. Aikin surfani mai cin ido na bar wa yara.

Shafukan ƙarshe na littafin awon kwastomomi na ware wa kaina. Kullum da asuba kafin tausa ina auna wuri uku: zagayen wuya dab da haɓa, zagayen tsakiya, da tsawon daga kunne zuwa tsinin haɓa. Mako biyu na farko lambar ba ta motsa ba. Jikina ya yi sanyi, na ce wa uwargida anya ba wahalar banza nake yi ba. Ta ce, "Taɓa ka ji. Da kamar ɗanyen mangwaro yake, yanzu ya yi laushi." Gaskiyarta, laushin ne ya riga raguwar zuwa. A mako na shida na ga 16 da kwata uku. A wata na uku na ga 16 da kwata.

Sai na yi sakaci. Ana gobe ɗaurin auren ɗan ƙanena na je gyaran fuska, na manta da gargaɗin da aka yi mini cewa reza ba ta hau wannan wuri, sai injin aski. Mai askin ya ɗan yanke ni a ƙasan muƙamuƙi, yankan da bai kai ƙwayar gero ba. Kwana biyu bayan nan na tashi da rawar sanyi da ciwon kai. Na ce zazzaɓin cizon sauro ne, har na aika a sayo magani. Uwargida ta haska wuyana da fitilar waya ta ga ya yi ja, yana sheƙi, da zafi kamar an ɗora garwashi, jan kuma yana hawa kunci. A daren muka tafi asibiti. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta yankan, kuma ruwan da ke kwance abinci ne a gare su, ga kaluluwar da ke gadin wurin an cire. Ya zagaye jan da biro don a ga ko yana faɗaɗa, ya ɗora ni a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ce a dakatar da tausa da ɗauri gaba ɗaya har sai ya lafa, kuma in na ji numfashi na sarƙewa kada in jira gari ya waye. A kan gadon nan na tuna da wanzamin da Yaya ya kawo, na ji gabana ya faɗi. Da na warke na auna, 17 cif. Aikin wata uku ya koma baya, na sake farawa daga numfashi biyar.

Tun daga nan fatar wuyana ta zama abin tattali. Sabulu marar ƙamshi, a tsane da tawul ba a goge ba. Man kaɗe mai tsabta bayan tausa, musamman da hunturu lokacin da fata ke tsagewa. Gidan sauro kowane dare. Turare a riga nake fesawa, ba a wuya ba. In zan shiga rana ina yafa hirami sako-sako, don fatar da aka gasa ba ta jure ta. Ƙaramin ƙurji ko ƙarzuwa, in wanke in sa magani in riƙa dubawa. Da bazara, idan zafin Kano ya tsananta, kumburin kan ƙaru ko da ban yi laifin komai ba, na kuma daina tsorata da hakan.

Akwai abin da ban faɗa wa ma'aikaciyar ba sai daga baya. Tun bayan aikin, idan zan yi sallama a salla, da kafaɗu da ƙirji nake juyawa gaba ɗaya, wuyan ba ya tafiya shi kaɗai. Doguwar sujada kuma takan sa fuskata ta yi nauyi kamar za ta fashe, har na tambayi malaminmu, ya ce in taƙaita ta gwargwadon abin da zan iya. Wata Juma'a, kusan shekara guda da fara wannan aiki, liman ya yi sallama, na juya kai, sai na ga fuskar mutumin da ke gefena sosai, har da furfurar gemunsa, kafaɗuna kuwa suna kallon alƙibla ba su motsa ba. Na daɗe a zaune a sahun bayan mutane sun watse.

Yau awon asuba yana tsakanin 15 da kwata uku zuwa 16. Idan na yi tafiya na yi kwana biyu ban yi tausa ba, haɓar takan tuna mini. Ina komawa wajen likita a duba ni a kan lokaci, ita ma ma'aikaciyar takan sake duba hannuna ta gyara inda ya karkace.

Makon jiya ta turo mini wani bawan Allah daga wani ƙauye, an yi masa aikin maƙogwaro, da takarda a hannunsa ta zana irin ɗaurin da take so da inda bai kamata ya matse ba. Ya shigo shagon da rawani ya rufe har baki, yana magana ƙasa-ƙasa. Na sallami yara suka fita, na ja labule, na zare hiramina ya ga tabona, sannan ya warware nasa. Na zagaya tef a hankali na rubuta lambobin. Na ce masa ya dawo ranar Alhamis da sassafe, kafin kumburin ya sauka, mu gwada, daga nan kuma ya wuce da shi wurinta ta duba kafin ya fara sawa.